Wane fenti ɗalibi zai saya don koyon zanen daji a Maraɗi?

Malamin zane ya ce ka je bakin Gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa ka zano itatuwa da sararin sama, kuɗin aljihunka kuwa ba yawa. Kafin ka shiga kanti, ka tuna irin iskar garin nan, domin ita za ta yi maka zaɓi.

Fentin mai ka bar shi tukuna. Yana da tsada, yana kwanaki bai bushe ba, ƙurar hunturu kuma ta manne masa.

Akirilik, wato fenti mai haɗin roba, ya fi jan hankalin samari saboda launinsa na da ƙarfi, yana kuma kama katako da yadi. Matsalarsa gaggawa. A busasshiyar iskar watan Janairu, kafin ka gama haɗa launin hazo ya daskare a faranti, kuma in ya bushe ruwa ba ya narkar da shi. Buroshin da ka manta ba ka wanke ba ya tashi aiki ke nan.

Fentin ruwa mai shara-shara ya fi araha da sauƙin ɗauka, sai dai ba ya rufe kuskure: duhu ba ya komawa haske, farin takarda shi ne farinka. A ganina, mai koyo ya sayi guwash. Da ƙaro ake haɗa shi kamar fentin ruwa, amma yana da kauri, yana rufe abin da ke ƙasa. Ka shafa jar ƙasa, ka ɗora farin rairayin gulbi a kai, ka dawo ka sa koren gawo, wanda yake fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ko ya bushe a faranti, ɗigon ruwa zai tashe shi. Ka dai sani launinsa yakan ɗan canza bayan ya sha iska, sai ka riƙa gwadawa a gefe.

Kada akwatin launi 24 ya ruɗe ka. Ja, rawaya, shuɗi, ruwan ƙasa da babban fari sun isa, farin ne ma zai fara ƙarewa. Rarar kuɗin ta tafi kan takarda. Ta ofis mai giram 80 (nauyinta ke nan a kowace murabba'in mita) tana tattarewa da ta ji ruwa. Ka nemi mai giram 200 zuwa 300, irin ta kamfanin Canson, ka yanka ta gida huɗu. Buroshi biyu, faffaɗa na sama da siriri na rassa. In mai kanti ya yarda, ka matsa bututun fentin da yatsa, wanda ya taurare saboda zafin shago ka mayar masa.