Tantanin da aka ɗinke min a dasashi

Aikin ya yi, wannan ba zan ɓoye ba. Turmina na ƙasa da ke girgiɗi har na daina tauna a ɓangaren, yanzu ya tsaya daram. Hoton da aka sake ɗauka bayan watanni ya nuna ƙashi ya ciko a ramin da ciwon dasashi ya cinye. Da na biye wa masu cire haƙori na kasuwar Gujungu, da tuni an fizge shi.

Likitar da ta yi min a Kano ta iya bayani. Ta zana min a takarda cewa naman dasashi ya fi ƙashi saurin tsiro, idan aka wanke ramin aka bar shi haka, nama ne zai riga cike gurbin. Shi ya sa ake shimfiɗa wani siririn tantani a tsakaninsu, kamar darni tsakanin gona da awaki, har ƙashin ya samu sararin tsirowa. Ta ce ba kowane haƙori yake karɓa ba, sai mai rami matsattse mai zurfi irin nawa, kuma mai shan taba ya fi fuskantar asarar kuɗinsa.

To ga inda raina ya ɓaci. An ce min iri biyu ne. Akwai na roba da ba ya narkewa, sai an sake tsaga dasashi an cire shi bayan mako 4 zuwa 6, akwai kuma mai narkewa da kansa. Mutumin ƙauye mai biyan kuɗin mota daga Taura wanne zai ɗauka? Na ɗauki mai narkewa. Babu wanda ya ce min uffan a kan abin da aka yi shi da shi. Sai ranar kwance zare na tambayi ma'aikaciyar, ta ɗauko kwalin ta duba ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, kolajin ne, wato sinadarin fata da jijiya, daga jikin alade." Na ce, "'Yar nan, babu wani ne?" Ta ce akwai na saniya, akwai wanda babu dabba a ciki ma. Wallahi sai da cikina ya juya. Abin yana bakina, da shi nake salla, da shi nake karatu. Malaminmu ya kwantar min da hankali, ya ce larura ce kuma ban sani ba. Na yarda. Amma a garin Musulmi, a karɓi wannan uban kuɗi a kasa faɗin magana guda?

Ga ruwan kurkure bakin da ya rina min haƙora, ga hana ni goro da asuwaki a wajen. Wannan duk na jure.

Hannun likitar dai ban ga aibinsa ba. Maiɗakina ma dasashinta ya fara jini da janyewa, kuma can zan kai ta, amma sai an ɗauko kwalin an karanta min kafin a taɓa bakinta.