Shagon takalmin gwanjo na kasuwar Wunti a Bauchi, bayan na ci kilomita 126 da abin da na saya

Tela ne ni. Shekara 19 ke nan ina zaune a kan keke, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san abin da take yi wa baya da ƙugu. A farkon bara ciwon kai ya dame ni ya ƙi sauka, na je asibiti aka auna ni, aka ce jinina ya hau. Likitan ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, sannan in riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. Da tafiya na fara. In an idar da sallar Asuba sai in fito daga gidanmu a Yelwa, in hau hanyar Dass in nufi Gwallameji in juyo. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu, har ta kai ranar da ban fita ba jikina ba ya yi mini daɗi.

Burina na 2026 a bangon baya na littafin awo na rubuta shi, don nan ne idona ke sauka kullum. Ina so in ci kilomita 1,000 kafin shekara ta fita. Lissafin ba wuya: kilomita 5 sau huɗu a mako ya ba da 20, a mako 52 ya zama 1,040. Wannan 40 ɗin da ta yi rara na ajiye ta ne saboda azumi, wanda bana zai kama daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris. Ga tela, watan azumi watan kwana a shago ne, ɗinkin Sallah ba ya jiran kowa. Na san ba zan iya 20 a mako ba a lokacin, don haka na yanke 10, bayan tarawihi, ko da zagayen unguwa ne. Buri na biyu shi ne in yi kilomita 10 a ƙasa da awa ɗaya, wato minti 6 kowace kilomita. Yanzu ina kan awa ɗaya da minti 9. In Allah ya hore kuɗin mota kuma, ina da sha'awar tseren Okpekpe na jihar Edo, mai kilomita 10, wanda ake yi tun 2013, galibi a watan Mayu. Hanyarsa hawa da gangara ce, amma ina so ko sau ɗaya in tsaya a layi da lamba a ƙirjina.

Abin da ya tsaya mini a gaba shi ne ƙafa. Duk gudun bara har zuwa Nuwamba da wani kambas na yi shi, wanda na saya a bakin titi, mai tambarin babban kamfani amma jabu. Lamba 43 ne, daidai ƙafata cif, a lokacin a ganina haka ake so. Kafin damina ta ɗauke farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi ya fita, ƙwaurina kuma kullum yana zugi da hantsi in na taka keke. Wani abokin guduna, malamin makaranta ne da muke haɗuwa a hanya, shi ya ce in je wani shago a cikin kasuwar Wunti, layin masu gwanjo, ya kwatanta mini. Ya ce kada in je da safe, in bari sai bayan La'asar, saboda ƙafa tana ɗan kumbura da yamma, haka kuma take yi in ana gudu. Ya ce in tafi da safar da nake gudu da ita.

Na je ƙarshen Nuwamba. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum uku in suka shiga ya cika. Takalma a jere har sama, wasu a rataye da igiyarsu, wasu a cikin buhu ba a ma fito da su ba. Na ga Asics, na ga Adidas da Nike da Brooks, har da Hoka mai kaurin ƙasa guda biyu. Mai shagon dattijo ne, zai girme ni da kamar shekara 15. Bayan mun gaisa na nuna wani ja mai sheƙi na ce a sauko mini da shi. Bai sauko da shi ba. Ya ce, "Malam, ƙwallo za ka yi, ko gudu, ko kwalliya?" Na ce gudu, Alhaji. Ya ce a kwalta ko a ƙasa, kuma kilomita nawa a mako? Da na faɗa masa sai ya ce wancan jan na zuwa ɗaurin aure ne, in bar shi.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Ya sa yaron shagon ya kawo kwali, ya ce in tsaya a kai da safata, in saki nauyina duka. Ya zagaye ƙafafuna biyu da biro. Tef ɗina na awo yana aljihu kamar kullum, na ciro muka auna tare: ta dama santimita 27, ta hagu ta gaza da kaɗan. Ni da nake auna mutane daga safe har dare, ban taɓa auna ƙafar kaina ba. Ya ce takalmin gudu ana barin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa da bakin takalmi, kuma da babbar ƙafar ake saye. Ya buɗe harshen wani takalmi ya nuna mini ƴar takardar da ke ciki, inda aka rubuta tsawon da santimita, ya ce wannan ya fi lambar gaskiya, don 43 na wani kamfani ba shi ne 43 na wani ba. Nawa 28 ne, wato lamba 44. A nan na gane dalilin fitar farcena.

Guda huɗu ya zaɓo. Kafin ya ba ni in gwada, kowanne sai da ya ɗora shi a kan benci ya duƙa ya duba ta baya, ko ya karkata gefe guda. Ya ce wanda ya karkata ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, zai koya wa ƙafata tafiyar wani. Ɗaya ya faɗi a wannan gwajin, ya mayar da shi buhu. Sauran ya danna sosonsu da yatsa daga ciki, ya duba gefen ko ya yi tamoji, ya murɗa su kamar mai matse wanki, ya juya ƙasansu ya duba ko zanen robar dunduniya ya shafe. Ni kuma na yi nawa irin na tela. Na bi ɗinkin da ido da farce. A takalmi na asali tazarar allura ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ba zare a rataye, ba gam da ya kwararo ya bushe a baki. Jabu kuwa ko daga nesa nake gane shi yanzu, ɗinkinsa kamar na yaron da ya fara koyo jiya, nan a matse can a sake.

Wanda ya zauna mini shi ne Nike Pegasus 38, ruwan toka. Samfurin 2021 ne, a jerin takalman da kamfanin ke fitarwa da wannan suna tun 1983. Alhaji ya ce in ɗaure igiya in fita layin in yi ɗan gudu in dawo, yaron ya bi ni a baya. Mutane na kallo, ban damu ba, don takalmin da za ka ci ɗaruruwan kilomita da shi ba a zaune ake gwada shi ba. Ya sa kuɗi naira 35,000, muka yi ta ja har muka tsaya a 28,000. Sabo dal na asali ya haura naira 100,000 nesa ba kusa ba, abin da ni ba zan iya cirewa daga kuɗin cefane da na makarantar yara ba.

Kafin in fita ya faɗi wata magana da ba kowane ɗan kasuwa zai faɗa ba. Ya ce, "Malam, wannan ba zai kai ka dubun nan taka shi kaɗai ba." Gaskiya ya faɗa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza takalmin gudu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, saboda soson da ke shanye dukan ƙasa yana mutuwa tun saman yana nan da kyansa. Na gwanjo kuma wani ya riga ya ci wani kaso a ciki. Ya ce in yi lissafin takalmi ƙafa biyu a shekara, in kuma saurari gwiwata, ita za ta fara sanar da ni.

Yau mako shida ke nan, manhajar wayata ta nuna kilomita 126. Zugin ƙwauri ya tafi tun a mako na biyu. Sabon farcen yana fitowa lafiya, ba abin da ke dukansa. A kwalta takalmin yana da taushi ba tare da ƙafa ta nutse ba, kuma a gefen hanya, inda nake sauka in tirela ko mai a-daidaita ya matso, yana kama tsakuwa da kyau. Ranar Asabar da ta wuce na yi kilomita 5 a minti 31. Saura minti ɗaya in kai saurin da nake nema, sai kuma aikin riƙe shi har 10. Ba zan ce takalmi ne ya yi gudun ba, amma mutum in ƙafarsa ba ta ciwo yakan fita ranar da ya yi niyyar fita, ni kuma a mako shidan nan fita ɗaya kawai na rasa, ranar da aka yi rasuwa a layinmu. Hunturun bana ya yi ƙura sosai, duk takalmi mai raga a sama ƙura na shigarsa, don haka duk Juma'a nakan cire shimfiɗar ciki in kakkaɓe, in goge da tsumma mai laima, in shanya a inuwa. Alhaji ya gargaɗe ni kada in sa shi a rana, zafi na busar da gam.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba, kuma tunda na yabi shagon dole in faɗe su. Da na isa gida ranar farko na ciro shimfiɗar ciki, sai na ga ta ƙafar hagu ba tasa ba ce, ta wani takalmi ce, ta fi siriri kuma ta gaza tsawo. Shagon ba haske, ranar kuma ba wuta, shi ya sa mu duka ba mu lura ba. Na koma washegari, Alhaji ya ba ni haƙuri ya ce in dawo jibi zai duba buhu. Na dawo, ya samo wadda ta dace, bai karɓi ko sisi ba. Amma zuwa uku ke nan daga Yelwa zuwa Wunti, kuɗin mota da lokacin aiki duk a kaina. Rasit ma ba a bayarwa, amana ce kawai tsakaninku.

Abin da ya fi damuna shi ne jabun da ke cikin shagon. A jerin ƙasa akwai sababbin takalma masu tambari waɗanda ba na asali ba. In ka tambaye shi zai gaya maka gaskiya, ni da na nuna ɗaya cewa ya yi, "Wannan ba naka ba ne." To amma wanda bai san ya tambaya ba fa? Yaro ɗan makaranta da ya tara kuɗinsa ya zo ranar da Alhaji ya tafi masallaci, sheƙi zai bi. Na gaya masa a fuskarsa cewa ya kamata ya ware su gefe guda, ya ce zai duba. Da na je zuwa na uku suna nan inda suke. Sannan ƙananan lambobi sun yi kaɗan ƙwarai. Maiɗakina tana so ta fara tafiyar yamma da maƙwabciyarta, ƙafarta 38, muka rasa ko guda ɗaya mai kyau. Ya ce sai an fasa sabuwar dila.

Duk da haka na riga na tura mutum biyu can, ɗaya yaron shagona ne da ya fara bina ranar Lahadi. Abin da na gaya musu shi ne su je da yamma, su tafi da safa, su tabbata Alhajin ne da kansa a shago, su fito da takalmin bakin ƙofa su duba shi a haske ciki da waje kafin su biya. Wanda yake da halin sayen sabo na asali ya saya, don ya san daga sifili ya fara ƙirga. Mu da ba mu da wannan halin, samun mai gwanjon da zai auna maka ƙafa, ya hana ka abin da idonka ya so, ya kuma gaya maka iyakar kayansa, ba ƙaramin abu ba ne a garin nan.

Na bar wa Alhaji kwalin da aka zana ƙafata, ya rubuta 28 a jiki ya soke shi a ƙusa bayan ƙofa. Mun yi da shi in an fasa dila bayan ƙaramar Sallah zai ajiye mini ƙafa ta biyu, ya kuma duba wa maiɗakina 38. A littafin awo, ƙarƙashin 1,000, na fara ƙirgan bana daga ranar 1 ga Janairu. Zuwa safiyar yau an samu 15.