Rangadin asuba a Marsey: abin da kuɗina suka saya ranar bikin kyandir

A watan Fabrairun da ya gabata na biya wani ƙaramin kamfanin jagorancin baƙi a Marsey, babbar tashar jiragen ruwan Faransa da ke bakin tekun Bahar Rum, domin ya zagaya da ni a ƙafa ranar 2 ga wata, ranar da mutanen garin ke bikin da suke kira Chandeleur, wato bikin kyandir. Tallar da na gani a intanet ta yi alkawarin awa shida tare da jagora ɗan asalin garin, daga ƙarfe biyar saura kwata na asuba zuwa hantsi. Hukuncina a taƙaice shi ne awa huɗun farko sun fi ƙarfin kuɗin da na biya, awa biyun ƙarshe kuwa da na sani da na yi su ni kaɗai.

Mun haɗu a bakin tsohuwar tashar ruwa, wadda ake kira Vieux-Port, cikin duhu da wata iska mai ratsa ƙashi da ake ce wa mistral, wadda ke gangarowa daga kwarin kogin Rhône. Duk wanda ya san hunturu ya ɗauka cewa ya san sanyi, amma wannan iskar daban ce, kuma kamfanin bai ce uffan game da ita ba a saƙon da ya aiko mana, ga shi rabin ayarin sun fito da riguna marasa kauri. Jagoran, wani dattijo mai sanyin murya wanda ya ce mahaifinsa masunci ne, ya tsayar da mu a inda za mu ga abin da ya tara jama'a: da misalin ƙarfe biyar wani jirgin ruwa ya matso gaɓa ɗauke da littafin Linjila, domin a al'adar Kiristocin garin ta teku addininsu ya iso musu. Daga nan taron ya kama hanya da kyandirori, ya haura titin rue Sainte zuwa majami'ar Saint-Victor.

A nan ne jagoran ya nuna gwanintarsa. Bai cika mu da surutu ba, sai ya bar mu mu kalla, sannan a duk inda taron ya ɗan tsaya ya ba mu bayani gwargwadon abin da ido ya riga ya gani. Ya ce wani malamin Kirista mai suna Jean Cassien ne ya kafa gidan ibadar a ƙarni na 5, kuma hasumiyoyin da suka sa ginin ya yi kama da ganuwar yaƙi an ƙarfafa su ne a ƙarni na 14, zamanin Paparoma Urban na biyar, wanda ya shugabanci wurin kafin a naɗa shi. Mun ga an fito da baƙin mutum-mutumin Maryamu na katako daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an lulluɓe shi da koren tufa, babban limamin Katolika na birnin ya sa wa garin da teku albarka, ya kuma sa wa korayen kyandirori da iyalai ke kaiwa gida su ajiye. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da ke wurin ba 'yan kallo ba ne. Tsofaffi ne da jikokinsu, da ma'aikata da za su wuce aiki bayan an tashi, kuma babu wanda ya damu da cewa akwai baƙi a gefe. Ni Musulmi ne, na gaya wa jagoran tun farko cewa kallo na zo yi ba ibada ba, ya amsa da girmamawa, kuma da lokacin sallar asuba ya yi ya nuna mini wani lungu mara iska, ya riƙe ayarin har na idar. Wannan karamcin nasa ne na ƙashin kansa, domin babu shi a tsarin kamfanin.

Da misalin ƙarfe takwas muka matsa 'yan taku kaɗan zuwa Four des Navettes, gidan burodin da ke aiki tun 1781, wanda ya fi kowane daɗewa a birnin, inda babban limamin ke zuwa ya sa wa tanderu da abin da aka gasa albarka. Navette biskit ne mai siffar kwale-kwale, tsawonsa kamar tafin hannu, an tsaga tsakiyarsa, yana ƙamshin ruwan furen lemo, kuma siffar tana tuna labarin da ake bayarwa na jirgin da ya kawo wasu almajiran Almasihu gaɓar Provence, yankin da Marsey take ciki. Ana sayen sa dozin-dozin, ɗaya domin kowane wata na shekara. Mai neman abu mai laushi ya sani cewa da gangan ake yin sa da tauri, saboda ya daɗe bai lalace ba, kuma da na tsoma shi a shayi sai na gane dalilin da ya sa layin masu saye ya kai har titi.

Kasuwar kifi ita ce ta ƙarshe a cikin abubuwan da na yaba. Kowace safiya masunta kan jingina ƙananan jiragensu a bakin tashar, su baje abin da suka kamo a kan tebura, kusa da rumfar madubin nan da aka kafa a 2013, shekarar da Marsey ta zama birnin al'adun Turai. Jagoran ya ɗaga wani jan kifi mai ƙaya da mummunar fuska, rascasse, ya ce shi ne ƙashin bayan bouillabaisse, romon kifin da garin ya yi suna da shi, wanda asalinsa abincin masunta ne da suke haɗawa da kifin da bai samu mai saye ba. A 1980 wasu masu gidajen abinci suka rattaba hannu kan yarjejeniyar yadda za a riƙa yin sa: a fara kawo romon da gasasshen burodi da wani yaji mai tafarnuwa da ake kira rouille, sannan a kawo kifin a yanka shi a gaban mai ci. Abincin talaka ya koma na masu hali, kuma dattijon ya gargaɗe mu cewa duk inda muka ga ana sayar da shi da araha a bakin ruwa, mu wuce.

Daga nan aka miƙa mu ga wata matashiyar jagora, aka kuma haɗe mu da wani ayari, muka haura mutum talatin ba tare da na'urar sauraro ba. Mun hau ƙaramin jirgin fiton da ke tsallaka tashar tun 1880, tafiyar da ba ta kai mita 300 ba, muka sauka a dandalin Place aux Huiles, inda a da ake sauke man da masu sabulu ke aiki da shi. Ta ambaci dokar 1688 wadda ta hana sa kitsen dabba a sabulun Marsey, da tambarin kashi 72 cikin ɗari na mai da ake bugawa a jikinsa, amma ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba game da gyaɗar Afirka ta Yamma, musamman ta Senegal, da manja, waɗanda matatun man garin suka dogara da su tun ƙarni na 19. Da na tambaya, sai ta ce lokaci ya ƙure.

Unguwar Noailles, wadda ake yi wa laƙabi da tumbin Marsey, minti goma kacal aka ba ta. Nan ne kasuwar Capucins take, da mahautan halal, da shagunan kayan yaji na 'yan Aljeriya da Tunisiya, da 'yan tsibiran Komoros waɗanda ke da babbar al'umma a birnin. Kamfanin da ke tallar rayuwar mutanen gari bai kamata ya ratsa irin wannan wuri kamar wanda aka koro ba, yana cewa a ɗauki hoto a riƙe jaka da kyau. An rufe rangadin da kofin pastis, giyar da garin ya shahara da ita, wadda kuɗinta ke cikin tikiti, kuma ba a tanadi wani abin sha ga mara shan giya ba, sai da na sayi shayi da kuɗina.

Wanda zai je a shekara mai zuwa ya nemi rangadin asuba kawai, ya tambayi yawan mutanen ayarin kafin ya biya, ya sa rigar sanyi biyu. Bikin na ci gaba har 9 ga Fabrairu, saboda haka wanda ya rasa ranar farko zai iya samun navette ba tare da dogon layi ba. Ni dai na koma Noailles washegari ni kaɗai na yi rabin yini, kuma cikin dozin ɗin da na sayo saura bakwai a gwangwani.