Starlink a Damagaram, ga mai aikin kwangila da hotunan tauraron ɗan adam

Ƴan uwa masu tambayata ko Starlink, intanet ɗin da ake kamawa da faranti daga taurarin ɗan adam, ya cancanci kuɗinsa, amsa ita ce eh, amma sai in aikinka ne ke cinsa, ba kallon TikTok ba. Ni kwangila nake yi daga nan Zinder, wani ƙaramin kamfani a Turai ke ba ni aiki, ina rubuta musu manhaja da harshen kwamfuta na Python da ke tace hotunan Sentinel-2, tauraron da hukumar sararin samaniya ta Turai ta fara harbawa a 2015. Hotunan kyauta ne, kowane ɗigo mita 10 ne a ƙasa, sai dai fa nauyi gare su, hoto guda kan kusa kai jiga (gigabyte) ɗaya, kuma da rezon waya a da sai in bar ordinate kunne in je sallar isha'i in dawo in tarar ya tsinke a tsakiya. Yanzu kafin shayi ya nuna a butar ya gama saukowa.

Wani abin kuma, taurarin SpaceX, kamfanin da ke da Starlink, suna yawo kusa ne, wajen kilomita 550, ba kamar tsofaffin nan da ke can kilomita 36,000 ba, shi ya sa in muna taro ta bidiyo da mutanen kamfani ba ka magana ka zauna jiran muryarka ta isa. Tun 2025 Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, to ka saya ta hanyar da ta dace, ka bar na bayan fage.

Inda mutane ke yin sakaci shi ne kuran. Babban farantin kan ci wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini bai kai rabin haka ba, kuma kowa ya san halin wutarmu a watan Afrilu da Mayu, in ba ka da panno da batiri mai kyau ka sayi doki ne ba ciyawa. Wurin kafawa ma a kula, yana son sarari buɗe, ni sai da muka kauce wa dogon yaron da ke tsakar gida muka ɗaure farantin bisa bututun ƙarfe a kan soro. In hadarin Agusta ya sauko da ƙarfi rezon na iya rawa na ɗan lokaci, haka intanet ɗin sama yake.

Abin da ke damuna shi ne samarinmu da suka gama jami'a suna zaton da sun samu faranti shi ke nan ƙofar kwangilar aikin tsaro da kamfanonin waje ta buɗe. Wallahi ba haka ba ne. Amurka na da dokar ITAR da ke hana wanda ba nasu ba taɓa bayanan fasahar soja, ƙasashen Turai ma sai sun tantance mutum, kuma irin wannan aikin ba a yinsa daga ɗaki a unguwar Birni ko Zango komai ƙarfin rezonka. Wanda ke buɗe gare mu shi ne ɓangaren farar hula, bin damina, gonakin gero, ruwan tabkuna, kwararowar hamada. A nan ne farantin ke biyan kansa, ni kuɗin wata na Starlink nake fara warewa duk ranar da aka biya ni.