Kafin ka ƙara ɗaki a gidanka na Ingila: sufeton kansul ko na kamfani?

'Yan uwa mazauna Ingila masu shirin ƙara ɗaki ko fasa bango, izinin tsarin gari daban, duba ingancin gini daban, kar magini ya rikita ku. Wajen duba ginin zaɓi biyu ne, sufetocin kansul ko kamfani mai zaman kansa, dokar gini ta 1984 ce ta buɗe wa kamfanonin ƙofa.

Ni dai ɗan kansul ne, ba na ɓoyewa. Eh wani lokacin sai ka yi ta buga waya kafin a ɗaga, amma kansul ba ta rufe shago ta ɓace, kuma ita ke da ikon sa a rushe abin da aka gina ba daidai ba, shi kamfani in magini ya ƙi gyara iyakacinsa ya janye ya miƙa wa kansul ɗin dai. Sauri kawai ya fi ta.

Ni wallahi na ɗanɗana, magini ne ya kawo min "mutuminsa" mai kamfanin duba gini, an zuba kankaren fandeshon ke nan kamfanin ya durƙushe, aiki ya koma hannun kansul na sake biyan kuɗi, sai da aka haƙa gefen ginin sufeto ya ga zurfinsa da idonsa.

To in dai sai kamfanin za ka ɗauka, ka buɗe ido. Bayan gobarar benen Grenfell na Landan ta 2017 da ta ci mutum 72 an yi sabuwar doka a 2022, kuma daga Afrilun 2024 dole kamfani da sufetonsa duk su yi rajista da Building Safety Regulator, hukumar gwamnati mai sa ido kan amincin gine-gine. Ka duba sunan da kanka a gov.uk, kar ka yarda da hoton satifiket a WhatsApp, wanda ya nuna maka tsohon lasisi kuwa ka sallame shi. Sannan dole su tura wa kansul takardar sanarwa kafin a sa diga a ƙasa, kansul na da kwana 5 na aiki ta ƙi ko ta bari, ka nemi kwafi don wasu karɓar kuɗi kawai suke ba su tura komai ba. Kuma kar ka ba magini cikon kuɗinsa sai satifiket ɗin kammalawa ya shigo hannunka, ranar sayar da gida shi lauyan mai saye zai tambaya.