Daga azumi zuwa layya da ƙunshin kadamon ɗaya: abin da na gani

Na daɗe ina tsallake kadamon duk inda na gan shi a jerin kayan haɗin girki. Dalilina shi ne na taɓa sayen garinsa a wani shago, 'yar kwalba mai jan murfi, na zuba a kek, na zuba a shayi, ban ji komai ba sai wani bashi-bashi kamar na tsohon katako. Na ce ashe duk zuzutawa ce. Kwalbar ta yi ta zama a ƙuryar kabad har garin ya dunƙule na zubar.

Gahawa ce ta sa na janye maganata. Gwaggona ta dawo daga Umara a watan Sha'aban, muka je yi mata barka da sauka. Bayan zamzam da dabino sai ta sa aka kawo gahawa irin ta Saudiyya, wadda launinta ya fi kusa da ruwan zuma, a 'yan ƙananan kofunan nan marasa mariƙi. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye kofin.

"Gwaggo, me aka sa a ciki?"

"Hel ne, 'yar nan. Shi ne ku 'yan boko kuke ce wa kadamon."

Na ce ai na san kadamon, ba haka yake ba. Ba ta yi musu da ni ba. Ta aiki yarinya ta ɗauko wata leda a jakarta, ta zaro ƙwara ɗaya kore shar, ta fasa da farce ta kai min hanci. Ƙamshin ya bi ta hancina har maƙogwaro, da sanyi-sanyi kamar na'a-na'a, da ɗan zaƙi, da wani abu mai kama da ɓawon lemun tsami. Ta ce, "Ke dai dusa aka sayar miki."

Washegari na nufi shagon masu kayan Saudiyya, inda ake sayar da dabino da sallaya da man zaitun. Iri biyu na tarar. Ɗaya ƙanana ne, korensu ya koɗe, ɗayan kuma manya ne masu ƙiba, an rubuta milimita 8 a jikin ledar, wato kaurin kowace ƙwara, domin da girma da launi ake raba darajarsa. Na ɗauki manyan, giram 250. Da mai shagon ya faɗi kuɗin sai da na sake tambaya. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan ba a auna shi da mudu. Bayan za'afaran da banila babu kayan ƙamshin da ya kai shi tsada." Gaskiya ya faɗa, haka aka san shi a kasuwar duniya, amma a lokacin na ɗauka bakin ciniki ne kawai.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne rubutun bayan ledar. Larabci ne sama da ƙasa, amma ƙasar da aka noma shi Gwatamala ce, can Amurka ta Tsakiya. Asalin tsiron daga dazuzzukan tsaunukan kudancin Indiya yake, musamman jihar Kerala, inda har akwai tuddan da ake kira da sunansa a yankin Idukki. Wani Bajamushe mai gonar kofi, Oscar Majus Klöffer, shi ya kai shi Gwatamala kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya karɓi ƙasar yankin Alta Verapaz mai yawan ruwan sama da inuwa. Yau Gwatamala ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi waje, alhali mutanenta ba su cika sa shi a abincinsu ba. Nomawa suke yi su tura wa Larabawa, Indiya kuwa yawancin nata a gida take cinye shi. To ka ji tafiyar ledata: daga Gwatamala zuwa Saudiyya, daga Saudiyya zuwa Kano, kowa ya ɗora ribarsa. Ga shi kuma da hannu ake tsinkarsa ɗaya bayan ɗaya, saboda 'ya'yan a gindin tsiron suke fitowa kusa da ƙasa kuma ba sa nuna tare, sai an yi ta komawa gona. Da na san wannan sai zafin kuɗin ya ɗan ragu.

Da na isa gida na juye shi a faranti na tsince kamar mai tsintar shinkafa. Yawancinsa lafiya lau, kore, a rufe, da nauyi a hannu. Amma na ware kusan cikin tafin hannu na waɗanda suka yi rawaya ko suka tsage, wasu ma da na fasa 'ya'yan ciki sun bushe sun yi fari-fari, babu ƙamshi. A kayan da aka ce zaɓaɓɓe ne, wannan ya yi min yawa. Mai kyan kuwa idan ka fasa za ka ga ɗaki uku a ciki, da 'ya'ya baƙaƙe sha biyar zuwa ashirin, suna ɗan manne wa juna da danƙo. Danƙon nan shi ne alamar man bai tsere ba. Ƙorafina na biyu zik ɗin ledar ne, a mako na biyu ya daina kamawa, dole na nemi kwalba.

Kuskurena na farko a buɗe-bakin ranar farko ta azumi na yi shi. Ina ɗoki, na daka guda goma na zuba a tukunyar shayin mutum huɗu. Maigidan ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Yau kuma man zafi aka dafa mana?" Ban ji haushi ba don ni ma abin da na ji ke nan. Akwai wani sinadari a cikin kadamon, shi ne dai wanda ke cikin ganyen bishiyar turare, idan ya yi yawa sai abinci ya koma warin magani. Tun daga ranar na tsaya a guda uku ga kofi huɗu. Ina ɗan ƙwanƙwasa su da bayan cokali su buɗe baki, in jefa a ruwa tun yana sanyi tare da citta da kanumfari biyu, idan ya tafasa in sa ganyen shayi, madara ta zo daga ƙarshe ta ɗan yi minti uku a wuta. Wannan shayin ne ya riƙe mu a sahur har ƙarshen wata, kuma shi kaɗai ma ya isa in ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da na lura da shi a wata huɗun nan shi ne kadamon abokin madara ne da mai da sukari. Duk inda ukun nan suke, yana shiga kamar dama can gidansu ɗaya. A kunun gyaɗa, 'ya'yan ƙwara biyu da aka daka sun isa tukunya guda, kuma suna kashe ƙarnin gyaɗar nan da wasu yara ba sa so. A kunun aya na markaɗa shi tare da dabino da kwakwa, wannan kam har maƙwabta sun aiko tambaya. Gireba ta ƙaramar Sallah ita ce ta fi ba ni mamaki. Rabin ƙaramin cokali na dakakken 'ya'yan na sa a gwangwani huɗu na fulawa, ban sa wani kayan ƙamshi na kwalba ba. Da aka buɗe tanda gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Surukata, wadda ba ta yabon girki sai dai ta yi shiru ta ƙara, ta ce, "Wannan girebar ta wace ƙasa ce?" Ashe ma ba mu muka fara sa shi a fulawa ba, mutanen Suwidin da Finlan sun daɗe suna yin burodi mai zaƙi da shi.

Gahawar da ta jawo duk wannan kuwa ban iya ta ba har yanzu. Na gwada da kofin gwangwani na narkawa, ɗacinsa ya danne komai. Ta Saudiyya da 'ya'yan kofi da aka gasa sama-sama ake yi, shi ya sa ba ta yin baƙi, kuma hel ɗin yana da yawa ƙwarai a cikinta. Ba laifin ledata ba ne, nawa ne da na rashin kayan aiki.

A ɓangaren gishiri, shinkafa ce gidansa. Idan zan yi dafa-duka irin ta Larabawa, wadda suke kira kabsa, ina soya albasa a man shanu, in jefa kadamon biyar da sandar girfa da kanumfari da ganyen bay su yi daƙiƙa talatin a man kafin nama ya shiga. Man ne yake jawo ƙamshin ya raba wa kowace ƙwayar shinkafa. Sai dai a ƙirga abin da aka jefa a tsame shi kafin a zuba wa mutane, don wanda ya tauna ƙwara guda a tsakiyar loma ba zai gode miki ba. Autana ya tauna, ya yi ta tofarwa yana cewa an sa masa sabulu. Da layya na sa shi a tafashen naman rago tare da citta da tafarnuwa da masoro, ya rage ƙarnin kitse sosai, romon ma na ajiye na dafa shinkafa da shi washegari.

Inda bai yi ba ma zan faɗa. Na gwada shi a miyar taushe, daddawa ta ƙi shi shi ma ya ƙi ta, kowa ya ja gefensa, miyar ta rasa inda ta dosa. Duk abin da ke da manja ko daddawa ko kuka na daina kai shi wurin. A zoɓo kuma tsamin ya cinye shi, asara ce kawai, kanumfari da citta sun wadatar.

Wani abin da ya sa nake ganin bai kamata mu ɗauke shi baƙo can ba, ɗan dangin citta ne. Citta mai yatsu, kurkur, da citta mai 'ya'ya da muke sa wa a yaji da fura, duk zuriya ɗaya ce da shi. Duk wadda ta fasa kwanson citta mai 'ya'ya ta ga ƙananan 'ya'yan nan, za ta gane kamanninsu idan ta fasa kadamon, sai dai namu yaji ya fi yawa, nasu ƙamshi. Maƙwabciyata da ta tashi a Sudan habahan take ce masa, kamar yadda Misirawa ke faɗa, kuma ita ce ta hana ni sayen wani baƙi babba da na gani a shagon daga baya ina zaton samfurin ɗaya ne. Wancan daga Nepal da arewa maso gabashin Indiya yake zuwa, da hayaƙi ake busar da shi, na miyar nama ne. A shayi ko kek ƙauri kawai zai yi.

Ita ce kuma ta koya min ajiya. Kwalbar gilashi mai murfi gam, nesa da murhu da hasken taga, kuma kada a daka sai wanda za a yi amfani da shi a ranar, domin da zarar an daka man ya fara tashi, zafin Kano kuma ba ya jira. Nan na gane abin da ya sami kwalbata mai jan murfi, wa ya san watannin da ta yi a kan kanta, wa kuma ya san ko da ɓawon aka niƙa. Ina daka 'ya'yan da ɗan sukari a ƙaramin turmi, sukarin yana taimakawa su yi laushi. Turmin daban na ware masa, bayan da na daka a na tafarnuwa sau ɗaya na ɓata kwaɓin kek. Ɓawon ba na zubarwa, cikin gwangwanin ganyen shayi nake jefa shi.

Yanzu wata huɗu ke nan, kuma abin da ya rage ya fi rabi, duk da na ɗiba wa mutum uku. Koren ya fara dusashewa, ƙamshin na nan amma bai kai na makon farko ba. Giram 250 ya yi wa gida irin nawa yawa. Zan sake saye, amma giram 100, ko mu haɗa kuɗi da maƙwabciyata mu raba leda ɗaya, kuma wannan karon sai mai shago ya bari na fasa ɗaya na ga cikinta kafin in biya. Gwaggo ta ce idan Allah ya sake kiran ta baɗi za ta taho min da 'ya'yan kofin gahawa da butarta mai dogon baki, na ce mata ta haɗo da kofunan.