Rigakafin yara a Damagaram: asibitin unguwa ko na kuɗi?

Iyaye mata sun sha tare ni da tambayar nan, daga Birni har Zongo: ina ya fi a kai yaro, CSI, wato asibitin gwamnati na unguwa, ko kilinik mai zaman kansa?

Ta fuskar kuɗi, CSI ta yi gaba. Allurar rigakafin yara kyauta ce, kuma tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yaran da ba su kai shekara 5 ba. Sai dai wani lokaci magani kan yanke, a rubuto miki takarda ki nufi farmasi. A kilinik kuwa, kafin ki ga likita sai kin biya.

Wajen jira ne kilinik ya yi zarra. Ranar awo a CSI, tun hantsi za ki ga mata jere kan benci, goyo a baya, kati a hannu, rana na dukan su. A kilinik likita zai zauna ya saurare ki, ya kuma san yaronki da sunansa.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne katin rigakafin nan. Allurar tarin fuka ranar haihuwa, sai na sati 6, 10 da 14, sannan ƙyanda da shawara a wata 9. Duk inda za ki, ki tambaya ko allurar tana ajiye cikin firji, domin zafin Damagaram ba ya raga mata.

Mai neman rigakafi da awo, aljihu kuma ba nauyi, CSI ta ishe ta. Wadda ɗanta ke yawan laulayi, tana son likita ɗaya ya riƙa bin sa, kuma tana da hali, kilinik ya fi dacewa da ita.